'Ya'ya Uku a Cikin Ƙanƙara

"Ba zan koma ba, Yaya! Ko yanka ni za ka yi, ba zan koma gidan mutumin nan ba!"

"Ke, sassauta muryarki! Kin san gaban wa kike?"

"Na sani mana. Gaban wanda ya turo mini saki ta waya nake, ina kwance a gadon asibiti, jini bai ko tsaya mini ba."

Manaja, tsohon mijin nata, ya sunkuyar da kai yana juya makullin mota a yatsa, sai ka ce ba da shi ake ba. Babban wanta, Yaya Babba, kuwa ya buɗe baki ya kasa rufewa. Shekarar Auta talatin da takwas a duniya, bai taɓa jin ta ɗaga masa murya ba sai yau.

Ni ina kujerar lungu da carbina, amma Allah ya gani ko ƙwaya ɗaya ban ja ba. Auta 'yar ƙanena marigayi ce. Ni na yaye ta, ni na raka ta gidan Manaja, ni kuma na je na kwaso kayanta bayan shekara tara. To wa ya isa ya ce in tashi in ba su wuri?

Takardar da ta haɗa wannan wuta tana kan tebur a tsakaninsu, babu mai son taɓa ta.

Bari in warware muku. Da Auta ta shekara biyar a gidan Manaja ko ɓatan wata ba ta yi ba, aka gaji da jiƙe-jiƙe, suka koma asibitin dashe. Can ne likitoci ke ciro ƙwan mace su haɗa da na mijinta a ɗakin gwaji, in ya kama su mayar mata cikin mahaifa. Faɗinsa da sauƙi, yinsa ne azaba. Firjin gidansu ba ka samun wurin ajiye ruwan sha saboda kwalaben allura. Kullum bakwai na safe ta damƙi fatar cikinta ta soka da kanta, har cikin ya yi baƙi-baƙi ta rasa inda za ta soka. In an yi dashen a ce ta jira sati biyu, a sati biyun nan ko atishawa tsoron yi take. Sai waya ta yi ƙara, nas ta ce, "Sai haƙuri." Sau uku nas ɗin nan tana cewa sai haƙuri.

A na huɗu ƙwai biyar suka kama. Aka dasa biyu, suka zauna sati bakwai, har mun fara raɗa a tsakaninmu, suka zube. Ukun da suka rage aka daskarar da su a wata tukunyar ƙarfe mai hayaƙin sanyi. A wannan kwanciyar ce likita ya gaya mata ƙwanta ya ƙare, ba za a ƙara samun na cirowa ba. A wannan kwanciyar ce kuma saƙon Manaja ya shigo, wai ya gaji.

Yanzu shekara biyar ke nan da ajiye su, asibiti suka rubuto wa kowannensu. Sun ce wa'adin ajiya ya ƙare, sun ba da kwana talatin. Ko dai ma'auratan su zo tare da shaidar aure su sa hannu a yi dashe, ko kuma ɗaya daga cikinsu ya sa hannu a fitar da su daga sanyin a bar su su narke. In an yi shiru ma, narkewar ce.

Yaya Babba ya gyara zama ya sauke murya.

"Auta, na tambayi malamai uku, bakinsu ɗaya. Ba a dasa miki su sai da igiyar aure tsakaninku. Saki ɗaya ne ya yi. A ɗaura sabo, ki samu abin da kika yi shekara da shekaru kina kuka a kai. Ina laifi a nan?"

"Mai Tabarau fa? Saura sati biyar a ɗaura mana aure, Yaya. Da bakinka ka ba shi."

"Na ba shi lokacin da ban tuna akwai wannan ba."

"Ni ban taɓa mantawa ba."

"To Mai Tabarau zai ba ki ɗa ne?"

"Ya san ba zan ba shi ba, ya ce ya ji ya gani. Shekara guda yana fama da mahaifiyarsa a kaina. A gabana ta kira ni juya, ya kama ƙafarta yana ba ta haƙuri har ta sauko. Wannan da ke zaune, da yayyensa suka kira ni haka, ruwa ya miƙa musu su jiƙa maƙoshi."

Na ga ana neman barin Manaja ya sha iska, na yi gyaran murya.

"Wai ni Manaja, ina matan nan biyu da ka auro bayan 'yata? Na ji ta farkon ko wata goma ba ta rufe ba. Yara nawa suka bar maka?"

"Gwaggo!" in ji Yaya Babba.

"Tambaya na yi, gaisuwa ce."

Na zaci Manaja zai tashi da faɗa. Maimakon haka sai makullin ya suɓuce daga hannunsa ya faɗi ƙasa, bai ɗauka ba. Ya zamo daga kujera ya durƙusa a kan kafet, mutumin da ko gaishe ni zai yi daga tsaye yake yi.

"Gwaggo, gaskiyarki. Babu ko ɗaya. Bara na yi ciwon daji, aka yi mini ƙonon asibiti wata shida. Na warke, amma likita ya ce maganar haihuwa in cire rai. Babu sauran komai a jikina." Muryarsa ta karye. "Auta, ba ke kaɗai ba ce. Ni ma su ukun nan kaɗai gare ni a duniya. Na cuce ki, na sani. Kada ki rama a kansu."

Innalillahi! Carbina ya faɗi a cinyata. Yaya Babba ma ashe bai san wannan ba, don sai da ya cire hularsa ya share gumi.

Auta ta daɗe tana kallon mutumin da ke durƙushe. Hawaye ko ɗigo.

"Da nake kwance ina kiranka sau goma sha ɗaya, su ukun nan suna ina?"



Ta sunkuya ta ɗauki takardarta, ta ninke, ta shige ɗaki. Saura kwana ashirin da shida.

*

To, a nan sai in faɗi nawa laifin, tunda ba na son a ji a bakin wani.

Kwana huɗu kafin wannan rigima, ni ce a gida da mai kawo wasiƙu ya ƙwanƙwasa. Na karɓa na sa masa hannu. Ina ganin tambarin asibitin dashe a jikin ambulan gabana ya faɗi. Shekara biyar ba mu ji ɗuriyarsu ba, me suke nema? Na ajiye a kan talabijin, na je na dawo, na sake zuwa na dawo. A dawowa ta uku na ɗora butar shayi, na kara bakin ambulan a tururi, ya buɗe lafiya lau.

Sai ga Turancin likitoci shafi biyu, ƙanana kamar tururuwa. Ni karatuna iyakarsa sunan magani da lambar waya. Na gane sunan Auta, na gane na Manaja, na gane lamba uku da lamba talatin. Shi ke nan.

Ga shi ƙafar tabarau ɗina ta kwana biyu tana lilo. Na ce bari in je a ɗaure mini, in ya so a karanta mini a can. Wallahi ko a raina ban kawo komai ba. Na ɗauka sakamakon wani tsohon gwaji ne. Kuma wa ya fi surukina na gobe cancantar karanta takardar matarsa?

Shagon Mai Tabarau ƙarami ne, amma tsaf. Madubai ta ko'ina, ga allon haruffa a bango, manya a sama suna ƙanƙancewa har ƙasa. A nan suka haɗu da Auta, ran da ta zo auna tagoginsa za ta ɗinka masa labule. Taga biyu ce rak, amma sai da ta zo awo sau huɗu, wai tef ɗinta ne ba daidai ba.

"A'a, amaryata da kanta!" in ji shi. Haka yake tsokanata. "Yau kuma wa kika harara har ƙafar ta karye?"

"Kai na harara a mafarki. Ɗaure mini, sannan ka duba mini wannan."

Ya sa ɗan siririn sukundireba ya murɗa, ya goge gilashin, ya ɗora mini a hanci da hannunsa. Sannan ya karɓi takardar yana murmushi.

Da tabarau ɗin da ya gyara mini na kalli murmushin nan yana mutuwa. Ya karanta shafin farko a tsaye. Na biyu sai da ya laluba kujerar gwajin ido ya zauna. Ya koma farko ya sake.

"Gwaggo, Auta ta san kin kawo mini wannan?"

"Ba ta ma san ta zo ba. Mene ne? Ciwo ne?"

"Tana da 'ya'ya."

"Wa?"

"Uku. Nata da na Manaja. Suna nan a ajiye." Ya ɗago, idanunsa sun kaɗa. "Ta ce mini ba za ta taɓa haihuwa ba, na ce na yarda. Ba ta gaya mini ni ne zan zama dalili ba."

Sai a lokacin na tuna da tukunyar ƙarfen nan. Ya fassara mini komai a hankali, layi-layi, kamar yadda yake sa mutane karanta allon bangonsa. Da ya gama ya ninke ta yadda take, ya miƙo mini.

"Ki mayar ki liƙe. Don girman Allah kada ki ce mata na gani."

Na dawo gida na shafa gam, na danne da dutsen guga. Da Auta ta dawo ta buɗe, kuka bai bar ta ta lura da bakin ambulan ba. Ni kuwa na ja bakina na rufe, abin da ban saba ba.

*

Kashegarin zuwan Manaja, Auta ta fita shago ba ta karya ba. Na ɗauki mayafi na bi ta, na ce zan taya ta zura zobban labule.

Shagon ya cika da yadi. Wani otel ne ya ba ta aikin tagogi arba'in, ga dami-dami na yadi mai kauri ruwan toka jingine da bango. Ta shimfiɗa ɗaya a teburin yanka, ta auna, ta ja alli, ta ɗauki almakashi, sai ta tsaya. Ta fi minti biyar almakashin na buɗe a hannunta.

"Gwaggo, kin san inda nake zuwa duk ranar ɗaya ga wata?"

"Sarin yadi, kika ce."

"Asibiti nake zuwa. Akwai wani benci a hawa na biyu, kusa da ƙofar ɗakin da suke ciki. Ba a shiga. Ina zama ne kawai in yi awa guda, in tashi. Mai shara har ta san ni, ta ɗauka layin likita nake bi."

Na ajiye zobban.

"Shekara biyar, Auta?"

"Ban taɓa fashi ba. Na san ba su da ido, ba su da kunne, nas ta nuna mini hotonsu, ɗigo ne kamar na biro. Amma na raɗa musu suna, Gwaggo. Ina lissafa musu shekaru. Da yanzu sun shiga makaranta."

Ta kifa kai a kan yadin otel ta fashe da kuka, irin wanda ke fitowa daga ƙasan ciki. Na rungume ta, nawa hawayen na zuba a ɗankwalinta.

"To ki koma mana, 'yata. Mutum ne dai, ba kura ba. Ciwo ya ladabtar da shi."

"In koma, in sake allurai, a dasa su. In suka zube fa, kamar 'yan'uwansu? Likita bai taɓa ce mini tabbas ba. In wayi gari babu su, babu Mai Tabarau, ga ni a ɗakin mutumin da in na ji takunsa cikina ke murɗawa." Ta share fuska da bayan hannu. "Mai Tabarau ne mutum na farko da ya kalle ni bai kalli cikina ba. Ran da na gaya masa matsalata, cewa ya yi, 'To shi ke nan? Na ɗauka cewa za ki yi kina minshari.'"

Ta yi dariya cikin kukan. Sannan ta buɗe jaka ta zaro takardar, ta shimfiɗa a kan yadin, ta zare biro daga bayan kunnenta.

"Auta, me za ki yi? Tsaya ki kwana a kai!"

"Na kwana biyar a kai."

Ta danne takardar da ɗaya hannun. A layin ƙasa, inda aka ce a bar su su narke, ta rubuta sunanta cikakke. Ta kalli rubutun tana motsa baki, na ji tana kiran wasu sunaye uku da ban taɓa ji ba, tana ce wa kowanne ya yafe mata.

"Gobe zan kai. Kuma Gwaggo, kada Mai Tabarau ya ji. Har abada. Ba na son ya ɗauki wannan nauyin. Kwana biyun nan ma muryarsa wani iri a waya, ina jin mahaifiyarsa ce ta sake tayar da magana."

Maganar ta zo mini har maƙoshi. Na buɗe baki ke nan, ƙararrawar ƙofa ta kaɗa.

*

Mai Tabarau ne. Kwana biyar rabona da shi, amma ya zabge kamar wanda ya tashi daga jinya. Ko "amaryata" bai ce mini ba. Ya gaishe ni da ladabi irin na baƙo.

Auta ta yi sauri ta ja yadi ta rufe takardar, ta ƙirƙiro murmushi.

"Malam, yau kai ne da rana tsaka? Wa ka bar wa shago? Zauna in kawo maka ruwa."

"Bar ruwan. Daga wurin Yaya Babba nake."

"Lafiya?"

Ya cire tabaransa ya goge da gefen riga, ya mayar, ya sake cirewa.

"Na je na janye, Auta."

"Ka janye me?"

"Maganar aurenmu."

Na ga ta dafa tebur. Fuskarta ba ta canza ba, kamar maganar ba ta isa kunnenta ba tukuna.

"Hajiyarka ce?"

"Ba ruwan Hajiya. Ita ma ba ta sani ba. Na san da maganar takardar asibiti. Na san da su ukun."

Ta juyo a hankali ta kalle ni. Ni kuwa na tsura wa zobban labule ido kamar yau na fara ganinsu.

"Gwaggo?"

"Ƙafar tabarau ɗina ce ta…"

"Gwaggo!"

"Wallahi karanta mini kawai na ce ya yi! Ban san abin da ke ciki ba!"

"Kada ki ga laifinta," in ji shi. "Gara da na sani. Auta, kwana biyar ban runtsa ba. Na auna ta ko'ina. Yau kina sona, za ki ce kin haƙura da su. Shekara biyu, shekara biyar, maƙwabta su yi suna, ki dawo gida ki kalle ni. Me za ki gani? Mutumin da aka zubar da 'ya'yanki saboda shi. Ba zan iya zama wannan mutumin ba. Gara ki tsane ni yau da ɗa a bayanki."

"Ka gama?"

"Na biya ta ofishin Manaja ma. Na gaya masa hanya a buɗe take. Na sa ya rantse mini ba zai ƙara wulaƙanta ki ba."

"Ka je wurin Manaja."

"Na je."

"Kafin ka zo wurina."

Ya gyaɗa kai.

"Ka je wurin Yaya, ka je wurin Manaja, kun zauna kun daidaita, har da rantsuwa. Ni kuma da za a soka wa allurar, ni da za a kwantar, sai yanzu ake sanar da ni." Ta yi wata dariya da ta sa tsigar jikina tashi. "Kwana biyar kana kirana safe da yamma. 'Ya aiki? Kin ci abinci?' Sau ɗaya, Malam, sau ɗaya tak ka ce, 'Auta, me kike so?'"

"Na san abin da za ki ce. Za ki ce ni, don kada ki karya mini zuciya."

"Ka sani?"

Ta fizge yadin ta jefar ƙasa. Ta ɗauki takardar ta manna masa a ƙirji.

"Sa tabaranka ka karanta. Ai kai ne mai karanta wa mutane takarduna."

Ya sa. Na ga idonsa ya sauka layin ƙasa ya tsaya. Ya taɓa rubutun da yatsa, tawadar ta ɗan shafu, don ko bushewa ba ta gama yi ba.

"La'ilaha illallahu… Auta, yaushe?"

"Kana buɗe ƙofa ina ajiye biro."

"Kin sa hannu a… saboda ni?"

"Ba don kada in karya maka zuciya ba. Tawa na karya. Na kira su ɗaya bayan ɗaya na ce su yafe mini, na samu wanda zan tsufa da shi. Shekara tara duk takardar da aka sa wa hannu a kan jikina, sai wani ya fara sa nasa sannan a nuna mini inda zan sa nawa. Yau kaɗai na zaɓa da kaina. Ashe an riga an bayar da ni tun da safe."

Ya zube a kan damin yadi. Babban mutum mai furfura a gemu, yana kuka da sauti.

"Na yi kuskure. Wallahi na ɗauka alheri nake miki. Yanzu zan koma wurin Yaya Babba, in ce na fasa janyewar. In je in gaya wa Manaja…"

"Ka ce masa me? Ka dawo mini da kayana, na sake shawara?"

"Auta, don Allah."

"'Yata," na ce, "tsaya ki ji. Son ki ne ya sa shi. Laifin nawa ne, ni ce da shegen buɗe-buɗe. Ki zage ni, ki bar shi."

"Ke kin buɗe takarda ne kawai, Gwaggo. Ba ke kika aike shi ofishin Manaja ba."

Ta zare takardar daga hannunsa. Ta daɗe tana kallon sunanta. Hawaye na zuba, amma muryarta ta daina rawa, kuma wannan ya fi ba ni tsoro.

"Ka faɗi gaskiya guda, Malam. Tunda ka sani, ba za ka taɓa mantawa ba. Duk ran da na yi shiru za ka ce su nake tunani. Duk ran da na yi ciwon kai za ka ce nadama ce. Wata rana in tashi in tarar ka sake yanke mini abin da ya fi mini alheri. Na iya rasa su don mutumin da zai riƙe ni. Ba zan rasa su don wanda ya sake ni tun kafin ya aure ni ba."

Ta ɗauki almakashin yanka, babban nan mai baƙin hannu. Na yi tsalle zan riƙe ta, tsufa ya hana ni isa. Ƙyas! Ta datse layin ƙasa, sunanta ya faɗo ƙasa a kan tarkacen zare.

"Auta!" muka haɗa baki ni da shi.

"Gwaggo, ki gaya wa Yaya ya kira Manaja. Ya zo da shaidu cikin satin nan, kwanaki na tafiya. Ki ce masa ba na son lefe, ba na son taro, kuma kada ya kuskura ya ce mini yana sona."

"Ba kya ƙaunarsa, 'yar nan! Jiya kika ce ko yanka ki za a yi!"

"An yanka ai."

Mai Tabarau ya miƙe ya tare ƙofa da hannu biyu.

"Ba za ki fita ba sai kin saurare ni. Minti ɗaya. Ki tambaye ni duk abin da kike so, in yi."

"Yanzu ka iya tambaya?" Ta saɓa jakarta. "Ka ji tsoron in riƙa kallonka ina ganinsu. To yanzu shi zan riƙa kallo kullum safiya ina ganinka. Matsa mini, Malam. Matar wani ce ka tare wa hanya, kai ka ba shi."

Hannuwansa suka sauka da kansu.

Ta wuce ta gefensa ko mayafinta bai taɓa shi ba. Ta ja ƙofar da ƙarfin da ban san tana da shi ba, ta buga ta garam, har sandar labulen da ke sama ta tsinke ta faɗo tsakanina da shi.